Biskit mai gishiri na Hajiya

Yau Asabar ba aiki, sai na ce bari dai in yi wa Hajiya biskit ɗin nan mai gishiri da take ta nema. Tunda likita ya hana ta kayan zaƙi ta daina taɓa cincin da dubulan, ita kuma ba ta iya shan shayin safe haka nan sai da ɗan abin taunawa. Na kanti kuwa ko an rubuta mai gishiri ne in ka juya bayan ledar sau da yawa za ka ga sukari a cikin kayan haɗin, ga tsada kuma.

Da hantsi na hau Keke daga nan Tudun Wada zuwa kasuwar Gumi na sayo riɗi da habbatussauda da garin alkama, hazo ya rufe gari, duk leɓena ya bushe kafin in dawo.

Haɗin ba wani wahala, fulawa kofi 2, garin alkama kofi 1, bota cokali 4, gishiri ƙaramin cokali 1, bekin fauda rabin ƙaramin cokali, sai riɗi da habbatussauda da ɗan garin tafarnuwa. Na murje botar cikin garin da yatsu har ya koma kamar tsaki, sannan na dinga zuba ruwan sanyi kaɗan kaɗan. Ba a son kwaɓin ya yi ruwa, ba a kuma son a yi ta buga shi irin na burodi, in aka dame shi da yawa biskit ɗin tauri zai yi maimakon ƙaras ƙaras. Na rufe shi na bar shi minti 30 ya huta, in bai huta ba kina murzawa yana janyewa yana komawa.

Murzawar ita ce aikin gaba ɗaya wallahi. Da kwalba nake yi, na barbaɗa gari a kan tebur na yi ta turawa har sai da ya yi falen falen, ana ganin baƙin habbatussauda ta cikinsa. Mutane da yawa a nan suke gajiya su bar shi da kauri, waje ya gasu ciki ya zauna da danshi, sai su ce wai haɗin ne bai yi ba. Na yanka da wuƙa na bi kowanne na tsattsaga da cokali mai yatsu, ramukan nan su ke barin tururi ya fita, in babu su sai ya kumbura ya yi ciki.

Ina shirin kunna oben aka ɗauke wuta, dama na san za a rina. Na ɗauko tsohuwar tukunyar da nake gasa kek, yashi a ƙasa, na ɗora a gas ta yi zafi sosai, na jera a faranti na sa a ciki na rufe. A oben zafi 180 ne minti 12 zuwa 15 ya isa, a tukunya kam ido da hanci ne agogonki, da gefen ya fara ja riɗin ya fara ƙamshi sai a sauke. Farantin ƙarami ne shi ya sa har la'asar ina kai, bayana duk ya riƙe.

Da zafinsa yana da ɗan laushi, sai ya huce yake bushewa, kuma hunturun nan ya taimaka don iskar ba danshi. Da damina ne kwana ɗaya a buɗe ya isa ya yi sanyi.

Bayan magariba na kai wa Hajiya da shayi ba sukari. Ta ci uku ta ce "Ke 'yar nan, Allah ya yi miki albarka, amma gaba ki sa masa ɗan yaji." Na ce "To Hajiya, amma fa a dinga ci kaɗan kaɗan, fulawar ma tana ɗaga sukarin." Ta harare ni ta ɗauki na huɗu. Sauran na zuba a roba mai murfi na ɗora saman kabad inda yara ba za su kai ba.