Farar ambulan

Yau wata huɗu cif da aka kira mu ofishin manaja, mu goma sha ɗaya, aka miƙa wa kowa farar ambulan. Wai kasuwa ta mutu, dizal ya yi tsada, dole a rage ma'aikata. Shekara shida ina tsaye a bakin inji a wani kamfanin roba a Sharaɗa, amma abin da na tarar a cikin ambulan ɗin albashin wata ɗaya ne kacal.

Daren nan ko tuwo ban taɓa ba. Maman Abba ta dame ni da tambaya, na ce zazzaɓi ne.

Wani dattijo a layinmu, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago, shi ya buɗe min ido. Ya ce, "Ɗana, wannan ai kuɗin notis ne, ba na sallama ba." Ashe a Dokar Ƙwadago, wanda ya kai shekara 5 yana da notis na wata guda ko kuɗinsa. Sashe na 20 kuma ya ce in za a rage ma'aikata sai an sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata, wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya in ba ƙwarewa ta bambanta ba, sannan a zauna a sasanta kan kuɗin sallama. Inda dokar ta ba ni haushi, ba ta yanke adadi ba. Mu kuwa babu wanda ya zauna da mu.

Gobe in Allah ya kai mu zan je kamfanin fanshona neman kashi 25 cikin ɗari na ajiyata, tunda wata huɗun da doka ta ce a jira bayan rasa aiki sun cika. Maganar kotun ma'aikata kuma, mu bakwai muka amince a haɗa kuɗin lauya.