Gudun da ke jikin kwali da gudun da na'ura ke nunawa

Duk mai kula da rumbun makamai a Kaduna, ko a Kakuri ne ko a barikin Ribadu, in ya ɗora tsohon harsashin libarba (ƙaramar bindigar hannu) a kan na'urar auna gudu zai ga lambar ta gaza wadda aka buga a kwali. Da yawa sai su ce albarushin ne ya tsufa. Sau tari ba shi ba ne.

Laifin na bututun gwaji ne. Kamfanonin Amurka a da suna auna harsashi ne a dogon bututu rufaffe, alhali libarba tana da 'yar tazara tsakanin silinda (gangar da ke riƙe harsasai tana juyawa) da bututu, kimanin inci 0.006, inda iskar albarushi ke tsirtowa. Shi ya sa harsashin .38 Special mai dalmar da nauyinta ya kai giren 158 (kimanin giram 10) aka daɗe ana tallarsa da ƙafa 855 a sakan, amma da aka koma gwaji da bututun inci 4 mai kafar iska a ƙarshen shekarun 1970, lambar ta sauko 755. Harsashin bai canja ba ko kaɗan. Haka harsashin .357 Magnum na 1935: ƙafa 1,500 da ɗoriya aka ce, daga bututun da ya haura inci 8. A inci 4 yau 1,235 ake rubutawa.

Wajen aunawa, a ajiye na'urar taku uku zuwa huɗu daga bakin bindiga, domin in ta matso hucin wuta zai ruɗe idonta. A harba goma, a ɗauki matsakaici, a kuma rubuta ratar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri. Wannan ratar ita ke tona tsufan harsashi. Kwalin da ya sha zafin Afirilu da laimar Agusta shekara da shekaru, harsasansa ba sa tafiya bai ɗaya. Ƙurar hunturu ma tana rufe idon na'ura, a riƙa gogewa.

Abin da ya fi damuna shi ne harbin da ya fito da ƙara sanyi-sanyi. A tsaya nan take, a buɗe silinda a leƙa, don dalma kan maƙale a bututu, kuma harbi na gaba zai kumbura shi ko ya fasa. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana kallon bango sakan 30. Kuma aikin nan na masu izini ne a filin harbi, tunda dokar makamai ta Nijeriya ta sa libarba cikin haramtattu.