Kukan tumaki

Laraba. Hazo ya rufe Sabon Gari tun asuba, leɓena duk ya tsattsage. Babu wuta, da fitilar waya na yi karatun safe.

1 Sama'ila sura 15, labarin da na sha ji tun ina makarantar Lahadi. An aiki Saul ya hallaka Amalekawa da duk abin da suka mallaka, sai ya bar sarkinsu Agag da rai, ya ware tumaki da shanu masu ƙiba, wai na hadaya ne. Da Sama'ila ya iso, Saul ya tare shi da fara'a, shi a dole ya cika umarnin Ubangiji. Tsohon kuwa tambaya ya jefa masa: to wannan kukan tumakin da nake ji fa? Daidai nan akuyar Maman Bitrus ta ɓare baki a tsakar gida. Na yi dariya ni kaɗai, na rufe Littafi, na ɗora ruwan kunu.

Shago shiru. Zif biyu, rage siket ɗaya.

Da yamma Zumuntar Mata. Na kai mayafin teburin da na ɗinka kyauta don bikin godiya, kwana uku ina fama da bakinsa. Aka yi ta juya shi ana sa mini albarka, ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Bayan addu'ar rufewa Mama Hannatu ta riƙo hannuna zuwa gindin darbejiya.

"'Yata, ɗinki ya yi kyau. Ina Saratu?"

"Tana nan, Mama."

"Na san tana nan. Da benci ɗaya kuke zama, yau ke gabas ita yamma."

Sai na ɓalle. Na ce kwasar adashen nan tawa ce, ta zagaya ta roƙi uwar adashe aka ba ta, ko ta gaya mini. Keken ɗinkin da na gama ciniki a kasuwar Sabon Gari wani ya ɗauke. Ko haƙuri ba ta ba ni ba. Mama ta bar ni na zazzage tas, tana gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Duk gaskiyarki ce. Sati nawa ke nan?"

"Biyar."

"Kuma kin ci Jibin Ubangiji a tsakani?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce in na koma gida in buɗe Matiyu 5, aya 23 da 24. Na san wurin sarai, inda Yesu ya ce ka bar baikonka a gaban bagade, ka je ku shirya da ɗan'uwanka tukuna. Bakina da ba ya jin magana ya ce, "Ai Mama, ayar a kan wanda ake da magana a kansa take. Ni aka yi wa laifi."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Sati biyar tana gaishe ki kina kawar da kai. Har yanzu ba ta da magana a kanki?"

Ba ta ƙara ba. Ta tambayi tarin Haruna, ta tare adaidaita sahu ta tafi.

Shekara 19 da yi mini baftisma. Ban fasa sujada, zakkata ba ta makara, waƙoƙi rabin littafi a kaina suke. Ina lissafa waɗannan a hanya kamar mai ƙirga canji, sai na ji muryata ta koma irin ta Saul sak. Abin da ya fi ci mini rai, mayafin ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba. Zan iya ɗinka goma kafin in buɗe baki in ce wa Saratu sannu.

Na biyo ta ƙofarsu, ko da yake ba hanyata ba ce. Tana tsugune tana wanke-wanke, ta ba ni baya. Na rage tafiya, na ce "sannu da aiki" da muryar da ni ma da kyar na ji. Ba ta waiwayo ba. Ko ba ta ji ba ne, ko ramawa take yi, oho.

Haruna ya sha maganinsa ya yi barci. Akuyar can har yanzu ba ta yi shiru ba.