Asabar ɗin da na kashe waya a Miango

Yau dai ban yi wa kowa aiki ba kuma zuciyata wasai. Da sassafe muka kama hanyar Miango ni da wasu 'yan Zumuntar Mata ta cocinmu, daga Jos ba wani nisa, can ƙasar Irigwe a ƙaramar hukumar Bassa. Gidan hutun da muka je a can 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) ne suka gina shi sama da shekara 100 da suka wuce, don ma'aikatansu in sun gaji su hau tudu su sha iska mai sanyi su dawo da ƙarfi. Abin ya tsaya min a rai fa, mutanen da suka baro ƙasarsu saboda bishara su ma sun yarda jiki yana da iyaka.

Mu kuwa duba makonmu, taron kwamiti, Zumunta, addu'ar tsakiyar mako, koyon waƙa, kwanan addu'a ranar Juma'a, Lahadi a tashi sujada a wuce gaisuwar marasa lafiya, ga girki ga kasuwa ga yara, har mutum ya durƙusa zai yi addu'a sai gyangyaɗi ya kwashe shi. Duk aikin Ubangiji ne ban musa ba, amma yaushe ake zama da shi Ubangijin?

Mama Fasto ta ce kowa ta kashe waya ta nemi gindin itace, ba wa'azi ba shiri. Na buɗe Littafi Mai Tsarki, 1 Sarakuna sura 19. Iliya ne, bayan ya kara da annabawan gunkin Ba'al a Dutsen Karmel, sarauniya Yezebel ta aiko za ta kashe shi, ya gudu har Biyer-sheba ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji, ya zube ƙarƙashin itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Annabi guda fa! To me Allah ya yi? Bai yi masa faɗa ba. Mala'ika ya tashe shi, ga gurasa ga tulun ruwa, ya ci ya sha ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Allah bai tambaye shi me yake yi a nan ba sai can a Dutsen Horeb, bayan tafiyar kwana 40. Na karanta wurin nan hawaye suka zubo min, domin na san gajiyar nan, kuma na san mata da yawa a cikinmu da suke ɗauke da ita suna murmushi a layin mawaƙa.

Na yi barci sosai bayan abincin rana. Da na farka addu'ar ta zo da kanta, gajeriya, har na iya ambaton sunan wadda na daɗe ina jin haushinta.

A mota na ce, Mama, ko a Markus 6:31 Yesu ya janye almajiransa domin ko zarafin cin abinci ba su samu ba, don Allah a bar mana yamma ɗaya a mako ba taro. Ta ce, 'yata, kawo maganar gaban shugabanni ranar Talata zan goya miki baya. Zan kai kuwa.