Ranar da maƙwabtanmu suka kamu da korona na rufe tagogina duka

Farkon shekarar 2022 ne, lokacin da nau'in koronar nan da ake cewa Omicron ke ta yawo a duniya, maƙwabciyata ta turo min saƙo a waya da daddare, wai sun je gwaji ita da mijinta da babbar 'yarta duk ya nuna suna da ita, dan haka kar in bar yara su shigo musu. Katanga ɗaya ce ta raba mu kuma ba wata doguwa bace, in na tsaya a tsakar gidana ina hango kanta da kafaɗunta in tana shanya. Shekara 6 muna tare, Yaya nake ce mata dan ta girme ni, ita kuma ƙanwata take ce min. Ina gama karanta saƙon gabana ya faɗi, Mama ce kawai ta faɗo min a rai. Mahaifiyata a wajena take zaune, ta haura shekara 70, ga asma da ta daɗe tana fama da ita, ƙaramar mura ma in ta kama ta sai mun kwana a zaune da inhela a hannu.

A daren na bi tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya na rufe, har na banɗaki, na samo tsummokara na toshe ƙasan ƙofar da ke kallon gidansu, kayan da na shanya da yamma ko bushewa basu yi ba na kwaso su da danshinsu na zube a ɗaki. Washegari na kafa doka babu yaron da zai taka tsakar gida. Ni kaina in zan ɗauko wani abu a waje sai in riƙe numfashi in yi sauri in dawo. Da daddare in gari yayi tsit ina jiyo tarin mijinta ta bayan katanga, busasshen tari mai tsawo, duk wanda yayi sai in ji kamar a fuskata yayi shi. Ga kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da nake ta fesawa safe da yamma, ƙofofi, kujeru, har labule.

Rana ta 3 naji muryarta, ta dishe sosai, tana cewa "Ƙanwata, kina ciki?" Ina tsaye a bayan labule ina jinta. Ta kira sau biyu ko uku, ban amsa ba, har ta haƙura ta koma. Daga baya na ji cewa maganin zazzaɓinsu ne ya ƙare, kuma wayarta ta mutu, so take in aika a samo musu. Wannan abun har yau in na tuna sai naji babu daɗi a raina, mace da ta kwana dani a asibiti lokacin haihuwar autana.

Rana ta 4 ƙirjin Mama ya fara kamawa, numfashinta na fita da wannan ƙarar kamar fito. Hankalina ya tashi nace shikenan ta shigo, duk da rufe-rufen da nayi. Na kira ƙanin maigidana, ma'aikacin jinya ne, ina magana ina kuka. Ya tambaye ni akwai zazzaɓi, nace babu, tari fa, nace kaɗan, sai yace in faɗa masa me da me nayi a kwanakin nan. Ina gama lissafo masa yace "Anti, dan Allah yanzu-yanzu ki buɗe tagogin nan, ki daina fesa wannan maganin, ki fito da Mama tsakar gida ta sha iska." Nace tsakar gida kuma? Ai nan ne kusa da katangar. Yace can ɗin dai. Yace warin irin maganin nan kaɗai a ɗakin da iska bata shiga ya isa ya tayar wa mai asma ciwonta. An yi mata gwaji washegari bata da komai. Ni ce na gudu gara na faɗa zago da hannuna.

Da abun ya lafa ya sake kirana ya min bayani a tsanake, kuma misalin da ya bani shi ya zauna min a kai. Yace ki ɗauka mai cutar sigari yake sha. In kuna ɗaki ɗaya ƙofa da taga a rufe, ko yana can lungu kina nan lungu, kafin awa ɗaya hayaƙin ya cika ɗakin, kin shaƙa, har kayanki sun ɗauki wari. In kuwa a waje yake sha can bayan katanga, hayaƙin na fita iska ke tarwatsa shi sama da ƙasa, abun da zai iso hancinki ɗan kaɗan ne in ma ya iso. Amma in kika je kika tsaya gab da shi kuna hira yana busa miki a fuska, to ko a fili kuke zaki shaƙa. Haka numfashin mai mura ko korona yake, in yana magana ko tari ko atishawa yana fitar da feshi, manyan ɗigon suna faɗuwa ƙasa nan kusa da shi, ƙananan da ido baya gani su kuma suna shawagi kamar hayaƙin. Kuma ba ƙwaya ɗaya da ta ratso ke kwantar da mutum ba galibi, yawan abun da aka shaƙa ne da tsawon lokacin da aka ɗauka ana shaƙa.

Ni mutum ce da in abu ya shiga raina sai na bi diddiginsa, dan haka kwanakin da suka biyo baya in yara sunyi barci sai in hau intanet inyi ta karatu. Wani bincike da aka yi a China a farkon 2020 ya bi bayanan mutum sama da 7,000 da suka kamu, a ciki sau ɗaya tak aka samu inda cutar ta yaɗu a waje, kuma shima wani mutum ne a wani ƙauye a lardin Henan ya tsaya hira da wanda ya dawo daga Wuhan, birnin da cutar ta fara ɓulla. Wato hira ce ta fuska da fuska, ba iska ce ta ɗauko daga wani gida ta kai masa ba. Sai kuma ɗaya ɓangaren, a jihar Washington ta Amurka ranar 10 ga Maris 2020 wasu mawaƙa su 61 suka taru a zaure ɗaya suna gwajin waƙa na awa biyu da rabi, mutum ɗaya ne ya zo da alamun mura, daga baya wasu 52 suka kwanta, 2 suka rasu. Da na jera waɗannan biyun a raina sai naga a fili inda haɗarin yake. Japan ma tun a lokacin abu uku suke ta gargaɗin mutanensu a kai, rufaffen wuri, cunkoso, da kusantar juna ana magana.

Abun da ya ɗan sanyaya min rai shine ba ni kaɗai ce na kalli abun a karkace ba, da farko duniya gaba ɗaya hankalinta na kan goge-goge da wanke-wanke, sai a watan Yulin 2020 masana 239 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa a ɗauki maganar yaɗuwa ta iska da muhimmanci, a cikin 2021 hukumar ta fito ta faɗa ƙarara. Wanke hannu na da amfaninsa kuma har yau ina matsa wa yarana a kai, amma ni na ɗauki kwana 4 ina goge kujera na hana gidana iska. Hasken rana ma yana taimakawa, gwaje-gwajen da aka yi sun nuna rana mai ƙarfi na raunana ƙwayar cikin 'yan mintuna, ni kuwa na kwashe shanya daga rana na kai ɗaki.

Akwai labari ɗaya da ya sake tayar min da hankali, gara in faɗe shi dan duk mai bincike zai ci karo da shi. A 2003 lokacin cutar SARS, wata cutar numfashi 'yar uwar korona, a wasu dogayen benaye da ake kira Amoy Gardens a Hong Kong mutum sama da 300 suka kamu, da yawansu basu taɓa haɗuwa da mai cutar ba. Amma da na karanta yanda akayi sai naga wani abu ne daban, mara lafiyar na da gudawa, bututun banɗakunan benen a haɗe suke, ruwan da ya kamata ya tsaya a lanƙwasar magudanar ƙasan banɗaki ya tare wari ya bushe, sai fankar banɗaki ta dinga zuƙo iskar bututun tana shigo da ita gida tana kuma turawa waje. To wanda ke zaune a bene mai bututu ɗaya da maƙwabta ya dinga zuba ruwa a magudanar nan kar ta bushe, kuma in fankar wani na hura iskar ɗakinsa kai tsaye cikin tagarka to wannan tagar kam a rufe ta a buɗe wata. Mu babu ko ɗaya a cikin biyun.

Rana ta 6 na fita tsakar gida na kira ta. Ta daɗe kafin ta fito, ta sa takunkumi, idonta duk ya faɗa. Nace "Yaya ki yafe min, ranar nan ina jinki." Tace ta sani, taga labulen ya motsa, kuma ita ma da ita ke da Mama ƙila haka zata yi. Daga ranar kullum da la'asar sai in fito in tsaya kamar taku huɗu ko biyar daga katangar, ita ma ta ja baya daga nata ɓangaren, in tambayi jikinsu da abun da suke buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya aƙalla mita 1 tace, a Amurka a lokacin ƙafa 6 suke cewa wato kusan mita 2, ni na ƙara a kai saboda Mama. Ina lura da inda iska ke kaɗawa, in daga wajensu take tahowa sai in goce gefe. Bama daɗewa, minti 5 ko ƙasa. In na samo musu magani sai in rataye ledar a ƙofarsu in ƙwanƙwasa in tafi, in dawo in wanke hannu. Yara na bar su suna wasa a tsakar gida, abun da na hana kawai shine hawa katanga su leƙa, dan yaro in yaga abokinsa sai ya kai hancinsa kan nasa, kuma ƙananan yaransu a lokacin basu nuna komai ba amma mutum na iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin alama ta fito. Har suka warke babu wanda ko tari yayi a gidana.

Ban ce a waje ba'a kamuwa ba, ana kamuwa, musamman Omicron da tafi na farko saurin yaɗuwa, kuma binciken da na ambata kafin zuwanta akayi su. Cunkoso kafaɗa da kafaɗa, ko zama kan benci ɗaya da mai tari na awa guda, ko rumfar da aka zagaye ta da labule ta ko'ina har iska bata ratsawa, duk waɗannan ni ban ɗauke su waje ba.

Wajen wata 4 bayan nan cutar ta shigo mana, kuma ba ta katanga ba. Maigidana ya rage wa wani abokin aikinsa hanya, tafiyar kusan minti 40, gilasai a rufe esi a kunne, mutumin na ɗan share hanci yana cewa sanyi ne. Kwana 3 maigidan ya tashi da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, gwaji ya nuna ita ce. Wannan karon ban ruɗe ba duk da naji tsoro. Na ware masa ɗaki ɗaya, na buɗe tagarsa na sa fanka tana kallon waje dan ta dinga fitar da iskar, ƙofarsa a rufe, sauran tagogin gidan duk a buɗe dare da rana, in zan shiga wajensa ni da shi duk mu sa takunkumi kuma bana zama. Mama kuwa yini take a inuwa a tsakar gida, barci kaɗai ke shigar da ita. Ɗana na tsakiya ya kamu dan ya saci jiki ya shiga wajen babansa ya kwanta a gefensa, ni ma na ɗan taɓa na kwana biyu, Mama Allah Ya tsare ta.

A waɗannan kwanakin da ni ba dama in zauna kusa da ita, Yaya ce ta ɗauko kujera mai tsawo ta ajiye a nata ɓangaren katangar, kullum da yamma sai ta hau ta zauna tana taya Mama hira daga nesa, in maganinmu ya ƙare kuma inji an ƙwanƙwasa ƙofa, in na buɗe inga leda a rataye.