Abin da fim ɗin gawo ya koya mini

Fim ɗina na farko na gaskiya (ba wasan kwaikwayo ba) a kan sassaben zamani na yi shi, wato yadda manoman yankinmu na Maradi ke barin tohon itace cikin gona su gyara shi maimakon su sare su ƙone, aikin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ya taimaka anka yaɗa tun 1983. Minti 40 cur, kuma rabinshi ni ne ke zuba bayani da murya irin ta mai karanta labaru, sauran rabin kuma manya ne zaune cikin biro bayan tebur. Ni a ganina na gama aiki.

Sai ranar da munka kai shi wani ƙauye bayan Tibiri, munka tada gurup munka haska jikin bango. Wallahi kafin minti 10 yara sun koma wasansu, mata sun fara zamewa ɗaya ɗaya, wani ma barci ya yi bisa tabarma. Wuri guda kawai cikin fim ɗin jama'a sunka yi tsit, inda wani tsoho ya duƙa gindin kututture da wuƙa, ya zaɓi reshe uku masu ƙarfi ya datse sauran yana magana da kanshi, kuma wannan wurin na kusa yanke shi wajen montaj (haɗa fim) don kamara ta ɗan girgiza.

Bayan an watse na je na gaida tsohon nan na cikin fim ɗin na ce Baba ya ka ga aikin? Ya ce ɗana aiki ya yi, amma kai da ba ka taɓa riƙe hauya ba kai ke ta faɗa muna amfanin gawo. Kunya kamar in nutse. Gaskiya ce kuwa, shi ya san gawo na zubda ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya ma bisashe, mi zan ƙara mishi?

Daga baya na tuna abin da mushenmu ya taɓa faɗa game da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai shirya fim, da ya ɗauki ɗan Nijar Oumarou Ganda a fim a Abijan bai cika fim ɗin da muryarshi ba, barinshi ya yi ya kalli hotunan yana ba da labari da bakinshi. Lokacin ban ɗauke shi da muhimmanci ba.

Sauti ma ya ba ni kashi, mutane na haƙuri da hoto mai hazo amma in iskar hunturu na bugun mikoro sun tafi, yanzu har safa nike sa mishi.

Na koma wurin Baba na bi shi kwana biyar tun daga asuba, na sake haɗa fim ɗin ya dawo minti 12, da ƙarar wuƙarshi ya fara babu gaisuwa babu doguwar shimfiɗa, don a WhatsApp za a kalla kuma mega da tsada. Muryata sau biyu kawai ta fito, duka biyun tambaya ce nike mishi.