Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Miƙa Wuya ga Ruhu Mai Tsarki da Littafi a Hannu

Salama gare ku 'yan'uwa. Makon jiya mun tsaya a shekarun farko bayan baftisma a Garwa, a arewacin Kamaru. Yau zan ajiye labarina gefe, in shimfiɗa muku abin da dattawan ikilisiya suke koya wa sabon mai bi a wannan mataki, domin sauran tarihin a kansa yake zaune.

Da yawa suna ɗauka cika da Ruhu shi ne tsikar jiki ta tashi lokacin da mawaƙa suka ɗaga murya ran Lahadi. Buɗe Afisawa 5:18, ka sa yatsa, sannan ka buɗe Kolosiyawa 3:16. A na farkon Bulus ya ce a cika da Ruhu, a na biyun ya ce maganar Almasihu ta zauna a cikinmu a yalwace. Abin da ya biyo bayansu iri ɗaya ne: zabura, waƙoƙi, godiya, sai zaman miji da mata, iyaye da 'ya'ya. Ashe wanda ya buɗe wa Kalma ƙofa, Ruhu ya buɗe wa.

Ga yadda ake yi. A tsayar da lokaci ɗaya, kuma a ƙasarmu asuba ta fi, don a Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yana wuce digiri 40, da rana ta ɗaga hankali ya watse. Minti 20 sun isa. Kada a buɗe Littafi ko'ina ya faɗa kamar mai duba. A fara da Yahaya 14 zuwa 16, inda Yesu da bakinsa ya bayyana aikin Mai Taimako, wato Ruhu Mai Tsarki, sai Romawa 8, Galatiyawa 5, Afisawa 4 da 5. Ayoyi 10 zuwa 15 a zama guda, da murya, sau biyu. A karanta da harshen da ake mafarki da shi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa yana nan tun 1932, akwai na Fulatanci, akwai na Faransanci. Wanda bai iya karatu ba ya sa a zuba masa na saurare a katin waya.

Yanzu mun zo inda mutane suke tsayawa, alhali nan ne miƙa wuyan yake. Kafin a rufe Littafi a rubuta aiki ɗaya tak da ayar ta nema, da sunan mutum, da lokaci. "Zan gyara halina" ba aiki ba ne. "Bayan cin abincin rana zan kai wa maƙwabcina sefa 5,000 da yake bina tun kakar auduga," wannan aiki ne. Mai awon gero da ya karanta Karin Magana 11:1 ya sauya mudun da aka buga wa gindi kafin ya shimfiɗa buhu a kasuwa. Matar da ta kai Afisawa 4:26 ta nemi facalarta su yi magana kafin faɗuwar rana, ko da ita aka yi wa laifi. Yakubu 1:22 ya ce mai ji kawai kansa yake yaudara. A ganina aya ɗaya da aka yi wa biyayya ta fi sura 10 da aka karanta aka tashi.

Jinkiri ne babban abin da ke ɓata aikin. Ran farko zuciya tana tsarguwa sosai, ran biyu da sauƙi, bayan mako mutum ya daina ji, sai ya ce Allah ya yi shiru. Dubi ayoyin da suke kewaye da Afisawa 4:30, inda aka ce kada a ɓata wa Ruhu rai: ƙarya, fushi, sata, ruɓaɓɓiyar magana, ɗacin rai. Duk abubuwan tsakar gida ne da na kasuwa. Maganinsa a koma kan umarnin ƙarshe da aka ƙi, a furta, a aikata.

Sai masu cewa "Ruhu ya ce mini" a kan kome. Wannan yana damuna ƙwarai, don ya raba aure, ya sa marasa lafiya sun zubar da magani. 1 Yahaya 4:1 ya umarce mu mu gwada ruhohi. A duba ko maganar ta yi daidai da dukan surar, ba rabin aya ba, tunda Shaiɗan ma ya jawo Zabura 91 a Matiyu 4. A duba ko tana ɗaukaka Yesu, kamar yadda Yahaya 16:14 ya ce. Sannan a kai ta gaban fasto ko dattawa biyu. Wanda ya ƙi a gwada maganarsa, a nan ne ya kamata a yi hattara da shi.

Akwai kuma lokacin fari, ka karanta ba ka jin kome. Manoman masakwa, wato dawar rani, na ƙasar Marwa suna dasa ta bayan ruwa ya ɗauke, ta yi ta girma cikin rani da damshin da laka ta riƙe tun damina. Haka hadda take. Aya ɗaya a mako, a takarda cikin aljihu, a maimaita a kan mashin ko a bakin rijiya. A shekara 52 ke nan. Yahaya 14:26 ya ce Ruhu zai tuna mana da maganar Yesu, to sai an ajiye ta tukuna.

Bayan wata uku ko shida a ɗauki Galatiyawa 5:22-23, 'ya'ya tara na Ruhu, a miƙa wa mutumin gida, mata ko miji ko abokin aiki, a tambaye shi wanne ya fara gani, wanne har yanzu babu. A saurara, kada a kare kai. Wanda aka ce babu, shi ne batun karatun wata mai zuwa.

Mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda za mu shiga shekarun Ngaundere.